Wane abin wuya da wace igiya suka dace da kwikwiyo ɗan wata biyu?

Sabon_Maikare_Garwa: Salamu alaikum jama'a. Kwikwiyo ne ɗan sati 8, irin namu na gida, don gadi ake so a raine shi. A kasuwa akwai koliye na fata, akwai na nailan, akwai kuma sarƙar nan mai zargewa in an ja. Mai shago ya ce gara a ɗauki babbar sarƙa tun yanzu, kada a saya sau biyu. Wanne ya dace, faɗinsa nawa, kuma igiyar mita nawa? Masana a taimaka.

LikitanDabbobi_Benuwe: Wa alaikumus salam. Malam, mai shago kasuwarsa yake ci. Sau biyu kam sai ka saya, wataƙila ma sau uku, domin wuyan ɗan sati 8 yawanci bai wuce santimita 18 zuwa 25 ba, alhali na babban karen gida yakan kai 35 zuwa 45. Babu abin wuya ɗaya da zai ɗauki wannan tazarar.

Sarƙa mai zargewa kuwa a bar ta a shago. Maƙogwaron kwikwiyo guringuntsi ne mai laushi, ita kuma ba ta da iyakar matsewa: iya jan da ya yi, iya shaƙewar da zai sha. Abin da ake nema yanzu shi ne shimfiɗaɗɗen abin wuya marar nauyi, faɗin santimita 1 zuwa 1.5, wanda ake iya ƙarawa da ragewa. A auna da tef ɗin tela a tsakiyar wuya yana tsaye, ba yana kwance ba. In babu tef, a zagaya da zare a ɗora a kan rula. Bayan an ɗaura, yatsu biyu su shiga a kwance tsakanin abin wuyan da fata. In uku suka shiga zai zare kansa, in ɗaya ne da ƙyar to ya matse.

Baduku_Marwa: Likita ya gama magana a kan awo, bari in ƙara ta ɓangaren fata. Kada a yarda a yi maka da fatar akuya ko ta tunkiya, irin wadda muke jaka da alabe da ita. Tana da kyan gani amma da ta sha ruwa sai ta miƙe, ramukan su yage. Ƙirgin saniya ake so, wanda ya jemu sosai da bagaruwa, kaurin milimita 2 ga kwikwiyo, 3 zuwa 4 ga babba.

Yadda za ka gaya wa baduku: tsawo ya zama awon wuya a ƙara santimita 10 zuwa 12. Ramuka biyar, tazarar santimita 1.5 tsakaninsu, kuma awon yau ya faɗa a ramin da ya fi matsewa ko na biye da shi, sauran su zama na girma. Gefen fatar a kankare shi ya yi sumul, in ba haka ba kaifinsa zai cinye gashin wuya cikin sati biyu. Ɓangaren santsi shi ne a ciki. Ɗinki da zaren nailan mai kakin zuma, kuma in an buga ƙusar matsi, kanta mai kaifi ya kalli waje. Zoben da za a maƙala igiya dole ya zama an yi masa walda. Zoben da aka lanƙwasa kawai aka haɗa bakinsa, buɗewa yake yi ranar da aka fi bukatarsa.

Kuma a bar fatar da launinta. Jan rinin karan dafi yana zuba a damina, sai ka ga wuyan kare ja ka ɗauka jini ne.

Hajiya_Kusiri: Baduku, Allah ya ƙara kasuwa, amma ga ɗan wata biyu nailan ya fi. Abin da za a jefar bayan sati shida, me ya sa za a kashe masa ƙirgi? Nailan ana wanke shi da sabulu ya bushe kafin azahar. Fata a bari sai ya kai wata 7 ko 8, wuya ya kusa tsayawa.

Baduku_Marwa: Hajiya, ban musa ba. Sai dai a duba maɓallin robar nan mai ƙarar "ƙas". Na arha rana tana gasa shi ya yi gautsi, ranarmu kuwa kin san ta, a watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. A matsa haƙoransa biyu da yatsa tun a shago: in sun yi fari a gindi ko ba su koma da ƙarfi ba, a ajiye. Mai kan bel na ƙarfe ya fi aminci.

Ɗan_Logon: Mu dai a ƙauye igiyar rama ce a wuya, shi ke nan, karnuka kuma suna girma lafiya lau.

LikitanDabbobi_Benuwe: Ɗan'uwa, waɗanda suka girma lafiya su ake gani. Raunin wuya da aka fi kawowa asibitin dabbobi a ƙasar nan iri ɗaya ne: an ƙulla igiya, ko waya, ko robar tif a wuyan kwikwiyo, an manta, ya girma a ciki. Gashi yana rufe ta, don haka ba a lura sai wari ya tashi. A lokacin ta yanka fata ta nutse, ƙuda sun yi ƙwai, tsutsa ta kama. Cire ta sai da allurar barci da ɗinki. Ƙulli ba ya ƙaruwa, shi ne aibinsa. Ko na shago ne ma haka zai yi in ba a duba ba, shi ya sa gwajin yatsu biyu ake yi kowane sati har wata 6, bayan nan sau ɗaya a wata. A sa masa rana, misali kowace Juma'a da safe, a cire abin wuyan gaba ɗaya a shafa fatar a duba kaska, don can ƙarƙashi da cikin kunne suke taruwa.

Sarkin_Baka_Mayo: A kula da abu ɗaya da ba a faɗa ba. Karenmu na Sahel, mai dogayen ƙafa da siririn baki, kansa bai fi wuyansa kauri da yawa ba. In ya firgita ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, abin wuya na yau da kullum sulluɓewa yake yi ta kan kunne ko da an bi ƙa'idar yatsu biyu. Saboda haka akwai gwaji na biyu: ka kama abin wuyan ka ja shi a hankali zuwa sama ta bayan kunnuwa. In ya wuce, a rage rami ɗaya.

Idan ya girma akwai irin mai madauki biyu, babba a wuya, ƙarami a inda igiya take. In ya ja, ƙaramin yana tsuke babban, amma yana da iyaka. A daidaita shi yadda ƙarshen tsukewarsa zai zo daidai da kaurin wuya a bayan kunne, kada ya gaza haka. Na tafiya ne kawai, ba a ɗaure kare a turke da shi.

Ustaz_Ngaundare: Kafin a yi nisa, ga masu tambaya ta bayan fage ko ajiye karen ma ya halatta. Hadisi ya yi izini ga karen farauta, na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu in akwai bukata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki kuwa bin umarni ne. To amma wanda ya ɗaure dabba, ci da shanta da inuwarta sun hau wuyansa. Hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu sananne ne.

Ɗan_Logon: Allah ya saka, Ustaz. To a gida me za a ɗaure shi da shi? Ai ba za a bar shi yana shiga madafa ba.

Mai_Walda_Njamena: Ɗan wata biyu ba a ɗaure shi, shinge ake yi masa. Mita 2 da mita 2 na ragar waya mai ƙananan ido, tsayin mita 1, a ƙarƙashin inuwa, a binne gindin ragar kamar santimita 15 saboda tono. Ɗaurin talala sai ya haura wata 6, kuma ga sharuɗɗansa: tsawo kada ya gaza mita 3, majuyi a kowane ƙarshe don kada ta murɗe ta gajarce, kuma a auna da kyau kada ya iya kaiwa katanga, ko bakin rijiya, ko wani tudu da zai iya tsallakewa. Kare ya haura danga da igiya a wuya, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ta can ɓangaren ba, minti kaɗan ne.

Wanda ya fi turke shi ne a ja waya mai kauri tsakanin ginshiƙai biyu, mita 8 ko 10, sama da kan mutum, a zura zobe, a rataya igiyar a jikinsa. A ɗaure wani abin tokare mita ɗaya kafin kowane ginshiƙi don kada ya nannaɗe. Sarƙa in za a sa, mai siraran ido ce, kuma kada ta kwanta a rana. Ƙarfen da ya wuni a ranar Njamena ko hannunka ba ya ɗauka.

LikitanDabbobi_Benuwe: A ƙara da wannan: a riƙa share wurin, ana sauya shi lokaci lokaci. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashi mai inuwa da ya jiƙe da fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta zauna kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Kwikwiyo ta fi kamawa, a ciki da tsakanin yatsu, musamman da damina.

Masunci_Bongor: Ku mutanen gari ɗaurin kare zaɓi ne a wurinku, a bakin kogin Shari da na Logon kuwa aikin lafiya ne. Tun 2012 aka fara samun kurkunu a jikin karnukan Chadi, a 2019 an ƙirga kusan 2,000. Karen da kurkunu ya ɓullo masa in ya shiga ruwa, ya zuba 'ya'yan tsutsar ke nan ga kowa. Shi ya sa ma'aikatar lafiya da Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, suke sa a ɗaure karnuka a ƙauyukan da abin ya shafa, har ta ɓangaren Kamaru wajen Yagwa. Wanda yake zaune a irin wuraren nan kada ya ba kwikwiyo ɗanyen kayan cikin kifi, a binne su ko a ƙone. Kuma tunda wata rana za a ce a ɗaure, gara ya saba da abin wuya tun yana ƙarami. Babban karen da bai taɓa jin komai a wuyansa ba, ranar farko sai ya kusa karya kansa.

Hajiya_Kusiri: An tafi bakin kogi an bar mai tambaya a tsaye da igiyarsa. Ƙanena, ta tafiya mita 1.5 zuwa 1.8, faɗin santimita 1 zuwa 1.5, ƙugiyarta ƙarama mai juyawa. Mutane suna duba igiya su manta da ƙugiya, sai ka ga an maƙala wa ɗan kilo uku ƙugiyar da ta dace da rago, tana dukan haɓarsa a kowane taku, ya tsani tafiyar. Mai akwatin roba da take fita tana komawa da kanta kada ka saya. Kullum a ɗame take, don haka tana koya masa cewa ja shi ne tafiya, siririn zarenta yana yanka yatsa in ka cafke, kuma a titin da 'yan acaba ke wucewa ba ka da iko da kare yana mita biyar a gabanka.

Sabo kuma a hankali. Kwana uku na farko abin wuya kaɗai, minti 5 zuwa 10, daidai lokacin cin abinci. Zai yi ta susa da ƙafar baya, ba ƙaiƙayi ba ne, baƙunta ce. Kada a cire yana cikin susa, a bari ya shagala tukuna. Daga nan a maƙala igiya ya ja ta a tsakar gida ana kallonsa. Sai a ɗauki ƙarshenta a bi shi, sannan a fara kiransa da ɗan guntun nama ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. In ya turje ya zauna, ba a jansa a ƙasa. A tsuguna a kira shi.

LikitanDabbobi_Benuwe: Duk wannan a cikin gida, Hajiya ta faɗa daidai. Titi sai an gama rigakafi. Ta ciwon zawo mai jini da 'yan'uwansa ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har sati 16. Ta haukan kare a wata 3, a sake bayan shekara. Ƙwayar zawon nan tana daɗewa a ƙasa watanni, don haka ɗan sati 8 ba shi da abin yi a bola ko bakin kasuwa.

Game da inda za a maƙala igiya, ra'ayina a ƙirji ne, ba a wuya ba. Akwai ɗamarar da ake zura wa kare ta ƙirji da bayan hammata. A shago da Faransanci za ka tambaya, harnais, wanda a kunnen Bahaushe yake fita wani abu daban, don haka mu ce rigar ƙirji. A zaɓi wadda gabanta ya rabu biyu kamar gwafa, mahaɗarta a kan ƙashin ƙirji, ba a kan maƙogwaro ba. Maɗaurin ciki ya ba hammata tazarar yatsu biyu zuwa uku, in ya matso zai goge wurin ya yi ja. Ana cire ta da an dawo, saboda zafi da kaska. Abin wuya ya zauna a matsayin shaida: ɗan faifan ƙarfe da lambar wayarka.

Sarkin_Baka_Mayo: Likita, a nan mun rabu. Rigar ƙirji ta jaki ce da amalanke. Ka ba kare wurin da zai jingina ƙarfinsa, ai ja zai koya. Mafarauta zobe ɗaya suke sawa a faffaɗan abin wuya, a zura igiya ta ciki, bakinta biyu a hannu. Da zomo ya tashi a saki baki ɗaya, ta zare, kare ya tafi babu abin da zai sarƙe shi a ƙaya. Karen da aka hora haka a gefen ƙafa yake tafiya.

LikitanDabbobi_Benuwe: Baba, dabarar zoben nan babu kamarta a daji, kuma faɗin abin wuyan shi ke raba nauyin. Amma abin da ke koya wa kare ja shi ne in ya ja a bi shi. Ko da me aka ɗaura masa, da igiya ta ɗame a tsaya cik, ta yi sako-sako a ci gaba. Karnukanku sun iya tafiya ne don kullum suna tare da ku, na gari kuwa sau ɗaya a rana ake fita da shi, yaro ne ma yawanci yake riƙewa, yana fizga. Wuyan ɗan wata uku ba zai ɗauki fizgar yaro ba.

Sarkin_Baka_Mayo: To a hana yaron riƙewa mana.

Mai_Walda_Njamena: Maganar lambar waya tana da amfani fiye da yadda ake zato. A rigakafin haukan kare na kyauta da aka yi a Njamena a 2012 da 2013, wanda ya kai ga sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, abin wuya aka riƙa sa wa waɗanda aka yi wa allura don a gane su. Kare mai abin wuya kowa ya san yana da mai shi. In ya ciji wani za a nemo ka da katinsa maimakon a bi shi da sanduna. Faifan a yi shi da ƙarfen alminiyam ko tagulla, a buga lambar da ƙarfen bugu, fenti gogewa yake yi. A liƙa shi a jikin abin wuyan da ƙusa biyu, wanda yake lilo yana maƙalewa a ragar waya.

Hajiya_Kusiri: Wani zai ce ya ga abin wuyan maganin kaska, ko shi kaɗai ya isa. Bai isa ba, ba a maƙala masa igiya, ba a yi shi don ɗaukar ja ba. A karanta kwali: masu sinadarin deltametirin da irin wanda ake kira Seresto daga sati 7 ne, masu sinadarin amitaraz sai sati 12. A yanke rarar da ta fito don kada ya tauna, a wanke hannu, yara kada su yi wasa da shi, a cire kafin ya shiga kogi don yana kashe kifi. Wanda aka zube a rana a tire babu kwali babu kwanan wata, kuɗinka ne kawai zai tafi.

LikitanDabbobi_Benuwe: Kuma don Allah kada a tsoma tsumma a maganin wankan shanu a ɗaura masa a wuya. Awon saniya ne, kwikwiyo yana lasa sai layi da sanyin jiki.

Sabon_Maikare_Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An auna, santimita 21 ne. Saura biyu: da dare a bar masa ko a cire? Sannan igiyar da aka gwada ya fara taunawa.

Baduku_Marwa: Tauna yanzu ma ya fara, haƙoran nono suna zuba daga wajen wata 4, sababbi su gama fitowa a wata 6 zuwa 7. Kada ka ba shi igiyar fata kafin nan, a yini ɗaya zai raba ta biyu. Ta nailan mai arha, ko a sa taƙi ɗaya na siririyar sarƙa a ƙarshen da bakinsa ke kaiwa. Ga wuyan 21, nemi wanda aka rubuta 20 zuwa 30.

Mai_Walda_Njamena: Da dare a cire muddin yana cikin shingen waya, haka in yana kokawa da wani kare, don haƙorin ɗaya yana shiga abin wuyan ɗayan ya murɗe. In ya girma ya fara zagaye gida da dare, a nan a bar masa saboda lambar.

Sarkin_Baka_Mayo: 20 zuwa 30 ɗin a gwada shi ta bayan kunne kafin a biya. In irin mai siririn baki ne, ramin farko ma zai yi masa yawa, sai baduku ya ƙara ɗaya.